Baba Sallau da Abokan Kekensa Uku a Bakin Ƙorama

Ku gyara zama, ku ajiye abin da ke hannunku, domin yau magana na zo da ita wadda ni kaina ta gagare ni yankewa. In na kai ƙarshenta, alƙalanci naku ne.

A wani gari na ƙasar Bauchi, can inda duwatsu suka yi wa gari zobe, akwai wani dattijo da ake kira Baba Sallau. Direban babbar mota ne a da. Ya daɗe yana keta ƙasa daga arewa zuwa kudu, har ranar da jiki ya ce ya isa, ya ajiye makulli. Zaman gida bai karɓe shi ba. Ƙafafu suka yi nauyi, numfashi ya taƙaice, likita ya ce masa in yana so a daɗe ana gaisawa da shi, ya nemi abin da zai riƙa fitar masa da gumi. Sai ya sayi keke, abin da rabonsa da hawa tun yana saurayi.

Abin da ya fara don magani sai ya zame masa farin cikin rai. Yakan ce hanyar da ya bi ba adadi a cikin mota, sai da ya bi ta a kan keke ya san tana da ƙamshi. Ya san inda iska ke sanyi in an gangara kwari, ya san inda furen ɗorawa ke tarar mutum tun kafin ya hangi bishiyar.

A yawon nan ne ya haɗu da wasu abokai uku, dukansu sa'annin 'ya'yansa. Duk Asabar in an idar da sallar asuba sukan haɗu a bakin gari su fita. Ba tsere suke yi ba, ba kuma kasuwa za su ba. Hawa ne kawai don daɗin hawa.

Na farko Tukur. A ruga ya tashi wajen kakarsa kafin ya dawo gari, kuma bai bar idonsa a can ba. Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya shaƙi iska, sai ya gaya muku ko yau a ɗauki rigar ruwa ko a bar ta.

Na biyu Haladu, mutumin da ba ya wasa da jin daɗin jikinsa. Sirdinsa ya sha soso har ana ce masa kujerar falo. Kullum yana cikin ɗaga wannan, sauke wancan, naɗe kan keke da ƙyalle don kada tafin hannu ya yi tsami. Jakarsa ba ta rabuwa da famfo, da sifana, da robar cikin taya ta ko-ta-kwana. Shi ya gyara wa Baba Sallau tsayin sirdi har ciwon gwiwa ya rabu da shi.

Na uku Zubairu, mai ƙafa. Tudun da kowa ke sauka ya tura, shi a zaune yake hawansa yana hira. Yakan wuce gaba har ya ɓace, sannan ya juyo ya tarye su, don ba ya son a ce ya bar dattijo a baya.

To, wata Asabar a farkon damina suka nufi wani tsauni da ake kira Tudun Gauraka. An yi ruwa kaɗan a makon, ƙasa ta fara fidda kore, shamuwa ta sauka a kan bishiyoyi. Suka tsallake wata ƙorama mai faɗi wadda har lokacin yashi ne zalla a cikinta, suka kama hawa. Da suka kai ƙololuwa, Baba Sallau ya jingine keke ya tsaya. Ƙasa ta shimfiɗu a gabansa har iyakar gani, gonaki jajaye an fara huɗa, manyan duwatsu a ɗore kan juna kamar wani ya jera su ya tafi zai dawo. Sai ya kama tasbihi.

Suna nan tsaye gabas ta fara canza launi. Tun da safe Tukur ya ce za a yi ruwa, amma sai bayan azahar. Ashe hadarin ya fi shi sauri. Ya taso baƙi ƙirin daga bayan duwatsu, gindinsa a ƙasa, kansa ya kai inda wuya ba ya iya bi, walƙiya na yawo a cikinsa ba ƙara. Tukur ya ce a juya, suka juya.

A gangare iska ta cim musu. Sai ga ƙanƙara, farare tas, tana zuba a kan hulunansu na kwano tana tsalle a kan fa. Daf da ƙoramar nan tayar gaba ta Baba Sallau ta taka ƙanƙara a kan dutse mai santsi. Ya kama birki, keke ya ƙi ji. Ya bar hanya, ya faɗa ta kan gaɓa zuwa cikin yashi, keken ya biyo shi. Ya ji ƙashin ƙafarsa ya ce ƙas. Da ya duba, sai ya ga ƙarfen birki ya karye ya yage masa cinya, jini yana tsartuwa yana tsayawa, yana tsartuwa yana tsayawa, daidai da bugun zuciyarsa. Tsohon direba ne, ya sha ganin irin wannan jini a bakin titi, ya kuma san abin da ke biyo bayansa. Ya fara kalmar shahada.

Haladu ne ya fara dirowa. Bai yi ihu ba, bai tambayi kowa ba. Ya zazzage jakarsa a kan yashi, ya ɗauko robar cikin taya, ya naɗa ta a saman raunin, ya zura sifana a ƙullin ya riƙa murɗawa. Baba Sallau ya yi ƙara, Haladu bai sassauta ba. Ya ce, "Yi haƙuri, Baba, zafin nan shi ne ranka." Ya ci gaba da murɗawa har jinin ya koma ɗigo, sannan ya ɗauke. Ya yage soson sirdinsa ya danne bakin raunin, ya kwance ƙyallen kan kekensa ya ɗaure. Hannun da ya saba neman inda keke ke cutar da jiki, ranar nan ya san daidai inda zai matse.

Ƙanƙara ta ɗauke kamar yadda ta zo. Har wata 'yar rana ta leƙo. Haladu da Zubairu suka ce kada a motsa shi, karaya ba ta son jijjiga, a bar shi kwance a kan yashi mai laushi har a nemo taimako. Magana ce ta hankali, shi kansa Baba Sallau ya yarda da ita. Tukur kaɗai hankalinsa na wani wuri. Yana tsaye ya juya musu baya, ya fuskanci inda ƙoramar ta fito. Ya ji wata iska mai sanyi tana gangarowa ta cikin kwarin da ƙamshin laka. Ya ga tsuntsayen gaɓa sun tashi gaba ɗaya. Ya durƙusa ya kafa kunne a kan yashi, ya miƙe zumbur ya ce, "Ku ɗauke shi. Yanzu." Haladu ya ce ƙafar fa? Tukur ya ce, "Ƙafa sai da mai ita." Suka ciccibe shi. Gaɓar da ke ɓangaren gari ta yi tsayi ba ta hawuwa da mutum a hannu, dole suka koma ta ɓangaren tsauni.

Ba su gama kwantar da shi a kan fa ba suka ji rugugi, ba daga sama ba, daga ƙasa. Baba Sallau ya juya kai ya gani da idonsa. Ruwa ne ya karyo kwana a tsaye kamar katanga, ja jawur, yana tura kumfa da itace a gabansa. Wata bishiyar marke ta zo da saiwarta tana juyawa kamar tsinke. Duwatsu suna gungurawa a ƙarƙashi, ana jin karonsu har cikin haƙori. Wurin da yake kwance ɗazu ya ɓace, kekensa ya ɗaga taya sau ɗaya ya nutse. Sama kuwa a kansu ko ɗigo babu. Duk ruwan nan can kan duwatsu aka zubar da shi. Dattijon ya manta da ciwo na ɗan lokaci, ya ga ƙanƙantar ɗan Adam ƙiri-ƙiri.

Sun tsira daga ruwa, amma ruwan ya raba su da gida. Waya ba ta kamawa a kwarin. Robar da ke cinyarsa kuma ba abin da za a bari ta daɗe ba ne. Hanya ɗaya ta rage ta nemo taimako da sauri, a haura kafaɗar tsauni a faɗa titin kwalta ta can baya inda gada take, kuma a nan ne hadarin ya yi sansani. Zubairu ya ɗaura hularsa. Baba Sallau ya riƙe masa hannu ya ce, "Kana da iyali, ɗana." Zubairu ya ce, "Kai ma kana da su, Baba." Ya hau. Dattijon ya bi shi da kallo yana ƙanƙancewa a jikin tsauni, har baƙin hadari ya haɗiye shi.

Abin da ya sami Zubairu a can, daga bakin manoman da suka hange shi daga bukkokin gona da mutanen ƙauyen da ya isa aka ji, don shi bai taɓa ba da labarin ba. Ruwa ya sauko masa kamar da bakin ƙwarya har ba ya ganin tayarsa ta gaba. Aradu ta faɗa kan wata giginya a gabansa ta tsaga ta, ya ratsa ta cikin hayaƙin yana kan ƙarfe, a fili, ba abin da ya fi shi tsayi. Inda laka ta riƙe taya ya saɓa keke a kafaɗa ya yi gudu da shi. Ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗuwa. Da ya shigo ƙauyen, masu fakewa a rumfa suka ɗauka ba mutum ba ne, don laka da jini sun rufe shi. Ya sami mai motar akori-kura, ya sami ma'aikaciyar ɗakin shan magani, ya sa su a hanya, sannan ya zube don gajiya.

Su kuwa na bakin ƙorama ba su zauna jira ba, don sun san mota ba za ta iso wurin ba. Haladu ya saro gora, ya jera kekensa da na Tukur, ya haɗa su da sauran roba, ya shimfiɗa riguna, ya yi gado mai taya. Tukur ya bi da su ta wani tsohon burtali da ke bin tudu, inda ba rafin da ke yanke hanya, don su tari mota a bakin kwalta. Baba Sallau yana kwance rigingine, ba abin da yake gani sai sama. Ya ga hadarin yana yayyagewa, haske yana zubowa ta ɓarakar kamar ginshiƙai, bakan gizo ya kafa ƙafa a kan Tudun Gauraka. Ya ce a ransa, in wannan ne abin ƙarshe da zai gani, an yi masa alheri. Yana cikin haka ya jiyo kukan inji, kuma kunnen direba ba ya ɓata wannan.

A asibiti likita ya duba shi ya girgiza kai. Ya ce da jinin ya ƙara zuba kaɗan, da ba a kawo shi da rai ba, da kuma an ƙara jinkiri kaɗan, da robar da ta cece shi ita za ta ci ƙafar, wataƙila har da mai ita. Allah ya sa kwanansa na gaba. Ya tashi, yana dogara sanda.

Ana nan sai matar babban ɗansa Mudi ta haifi namiji, jikansa na fari. Mudi ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, suna naka ne, kai za ka zaɓa." Dattijon ya ce ai ba wani dogon tunani, sunan wanda ya ceci ransa za a sa wa yaron, don a riƙa kiransa a gidan nan har bayan ba shi. Mudi ya ce, "Wanne daga ciki, Baba?" Dattijon ya lissafa, ya ga abokan nasa su uku ne.

Ya kira su ukun ya faɗa musu. Haladu ya ce a sa Tukur, don da an bi shawarar shi Haladun ta barin Baba a kan yashi, da gawa ya yi wa ɗauri. Tukur ya ce a sa Zubairu, don shi kaɗai ya ajiye ransa a kan hanya. Zubairu ya ce a sa Haladu, don in ba shi ba, da duk gudun nan wa zai yi wa? Suka tashi suka bar shi inda suka same shi.

Ranar suna ta zo. An share ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi, rago yana ɗaure, goro da dabino suna zagayawa. Su ukun suna gefe guda a zaune, kekunansu a jingine da katanga. Liman ya matso ya kara kunnensa kusa da bakin Baba Sallau, jama'a suka zuba musu ido.

A nan zan tsaya. Ɗaya ya tsayar da jini da hannunsa. Ɗaya ya ji ruwan da ba wanda ya ji. Ɗaya ya shiga cikin aradu ya fito da taimako. Jariri ɗaya ne, suna kuma ɗaya za a raɗa masa. To, da ku ne a zaune a kan tabarmar nan, sunan wa za ku faɗa a kunnen liman, Haladu, ko Tukur, ko Zubairu?