Manomin da Ya Kira Gayya a Ɓoye

Akwai wani mutum, manomi, wanda yake da gonar shinkafa a fadama, dab da bakin kogi. A wata shekara Allah ya sa wa gonar albarka. Shinkafa ta nuna, ta sunkuyar da kai saboda nauyi, har mai wucewa sai ya tsaya ya duba. Ita ce abincin gidansa na shekara guda, ba shi da wata gona sai ita.

Sai abu biyu suka haɗu masa a lokaci ɗaya. Ciwon baya ya kama shi, ba ya iya sunkuyawa, kogi kuma ya fara cika. Mutumin ya kafa karan dawa a bakin ruwa don ya gane saurin hawansa, ya ga kowace safiya ruwa ya haɗiye gaɓa ɗaya. Ya ƙirga gaɓoɓin da suka rage, ya tarar biyar ne. Ranar da ta ƙarshe ta nutse, ruwa ya shiga gona ke nan.

A garin nan kuwa akwai al'adar gayya. In aiki ya fi ƙarfin mutum, sai a buga ganga, maƙwabta su taru su yi masa, shi kuma ya ba su fura da tuwo. Amma mutumin nan shekara ashirin shi ne yake shiga gaba a gayyar kowa, makaɗa suna yi masa kirari, bai taɓa kiran tasa ba. Ya ce a ransa, "Yau ni za a buga wa ganga, gari duka ya ji na kasa?" Kunya ta rufe shi.

Sai ya yi wata dabara, wadda a ganinsa babu kamarta. Yana da maƙwabta tara. Ya ɗingisa zuwa wurin maƙeri, ya ja shi gefe, ya ce, "Ɗan'uwa, bayana ya ƙi, kogi kuma yana tafe. Jibi da safe ka zo mini da laujenka. Amma don Allah, daga ni sai kai, kada kowa ya ji."

Maƙeri ya ce, "Ba mai ji. Sai ka gan ni."

Ya tafi wurin masaƙi, ya faɗi haka nan. Ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, wani a gona, wani a bakin rijiya, kowanne da gargaɗin kada kowa ya ji. Kwana biyu ya yi yana wannan zagaye, ya koma gida yana jin daɗi, ya ce wa matarsa ta dama fura ta mutum tara.

Ranar ta zo, gaɓa uku suka rage. Maƙeri ya fito da sassafe, ya cusa laujensa a cikin riga don ya rufa wa abokinsa asiri. Yana isa mararrabar da hanyar fadama ta rabu, sai ga masaƙi, shi ma ya dafe gefen rigarsa.

Maƙeri ya ce, "Ina kwana? Ina za ka da sassafe haka?"

Masaƙi ya ce, "Akuyata nake nema. Kai fa?"

Maƙeri ya ce, "Ni kuwa ƙafa nake miƙewa."

Masaƙin nan bai taɓa mallakar akuya ba! Amma ba wanda ya yarda ya bi hanyar fadama a idon ɗan'uwansa, gama in ya bi, asirin da aka ba shi ya tonu. Kowanne ya juya, wai sai hanya ta yi shiru ya dawo. Ina hanya za ta yi shiru, alhali mutum tara suna kai da kawowa a kanta, suna gaisawa, suna ƙirƙiro awakin da suka ɓata? Da rana ta yi zafi, kowa ya ce a ransa, "Ni kaɗai ya gaya wa. Lauje ɗaya me zai yi wa wancan uban gona?" Suka koma gida da baƙin ciki.

Manomi ya zauna a bakin gona har tsakar rana, bai ga kowa ba. Ya dawo ransa a ɓace, ya ce wa matarsa, "Mutum tara na gaya wa, baki da baki, ba wanda ya zo!"

Matar ta dubi furarta da ta fara tsami, ta ce, "Maigida, da ka gaya wa maƙeri, ka ce masa masaƙi ya sani?"

Ya ce, "A'a."

Ta ce, "To, ai kowa ya sani, amma ba wanda ya san ɗan'uwansa ya sani."

Mutumin ya ce, "Bari in sake zagayawa, in raɗa wa kowa cewa na gaya wa sauran."

Ta ce, "Sai maƙeri ya san masaƙi ya sani. Amma zai tambayi kansa, shi masaƙi ya san na sani? Sai ka sake wani zagayen. Kwana biyu kake yi a zagaye ɗaya, maigida, gaɓa uku kuma suka rage. Ka tafi gindin tsamiya inda suke zama da yamma, ka faɗa sau ɗaya a gabansu duka."

Ya ce, "Me zan faɗa? Ba ni da kalma ko ɗaya da ba su riga sun ji ba."

Ta ce, "Ka je ka faɗa dai."

Da yamma ya tafi. Ga su nan su tara a gindin tsamiya, kowa yana kauce wa idonsa. Ya tsaya a tsakiya, ya ɗaga murya, ya ce, "'Yan'uwa, bayana ya ƙi, kogi yana tafe, na kasa. Ina kiran gayya gobe!"

Maƙeri ya dubi masaƙi, masaƙi ya dubi maƙeri. Sai maƙeri ya ce, "Akuyar da kake nema ɗazu, ko tana da baki irin wannan?" Ya zaro lauje daga cikin rigarsa, inda yake ɓoye tun safe. Masaƙi ya zaro nasa. Kai, sai ga lauje tara a sama, dariya ta ɓarke har wani yana faɗuwa daga kan tabarma! Nan take aka aika a kira mai ganga.

Washegari, gaɓa biyu suka rage, fadama ta cika da mutane. Taran nan sun zo, kowanne ya jawo 'yan'uwansa, gama yanzu ba sauran abin ɓoyewa. Ganga tana tashi, lauje yana ci, mata suna guɗa, furar mutum tara ta kasa, aka damo wata. Rana ta biyu aka kwashe dammunan zuwa tudu. Da gari ya waye a rana ta uku, karan dawa ya nutse, ruwa ya shiga gona, bai tarar da kome ba sai kututture. Manomi ya tsaya a kan tudu kusa da tarin shinkafarsa, yana kuka yana dariya, yana yabon Allah.

Ma'anar wannan misali ita ce, sani hawa-hawa ne. Akwai abin da na sani. Akwai abin da na san kai ma ka sani. Akwai kuma abin da dukanmu muka sani, kowa ya san kowa ya sani, ba mai shakkar ɗan'uwansa. Ku lura da kyau, gama nan ne abin yake burge ni: a gindin tsamiya manomin bai ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ya raɗa musu ba. Amma da aka faɗa a fili, kowa ya ji, ya kuma ga ɗan'uwansa yana ji. Abin da zagayen kwana biyu ya kasa yi, numfashi ɗaya ya yi shi.

Manomin shi ne duk wanda kaya suka yi masa nauyi, kunya ta hana shi faɗa. Kogin shi ne lokaci, ba ya jiran kowa. Maƙwabtan kuwa mu ne, masu zuciyar taimako, kowa da laujensa a ɓoye. Shi ya sa Ubangiji bai bar kowa ya yi ta bangaskiyarsa shi kaɗai a ɗaki ba, ya tara mu wuri ɗaya, mu furta tare, mu roƙa tare, mu ji juna. Akwai asirin da ya wajaba a riƙe, wannan gaskiya ne, kada wani ya fita ya ce malam ya ce a tona wa mutane asiri. Mai kayan ne zai faɗa, ko ya ba da izini a faɗa.

To, ni an ba ni izini. Katangar ɗakin Mama Keziya, gwauruwar nan da take zama a bencin baya a nan majami'a, ta tsage tun ruwan farko, tana kwana da jikokinta a ƙarƙashinta. A cikin wata guda mutum bakwai daga cikinku sun same ni, kowanne ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ina so in taimaka, amma kada kowa ya ji." Ga ku nan zaune yau, ku bakwai ɗin, kuna kauce wa idon juna.

Yanzu kowa ya ji. Ku ɗaga kai ku dubi na kusa da ku, shi ma ya ji. Ranar Asabar da safe za mu kwaɓa ƙasa a ƙofar gidanta, kada kuma in haɗu da wani a hanya ya ce mini akuya yake nema.