Jinkar da Babu Mai Ɗagawa

Akwai wani manomi da yake noma gandu ɗaya da ƙannensa biyu, Habila da Barnaba. Da mahaifinsu ya rasu, sai idon manomin ya rufe. Ya ce shi ne babba, fadama tasa ce, shanun huɗa ma nasa ne. Ƙannen suka roƙe shi ya bar musu ko da gefen tudu, ya ce gandu ba ƙosai ba ne da za a gutsuttsura. Suka ɗaure kayansu suka koma garin kawunsu. Ko rakiya bai yi musu ba.

Shekarar nan kuwa gona ta yi albarka. Ya sa 'yan ƙwadago suka girbe, ya sallame su tun kafin su nemi tuwo. Ya gina rumbun da ba a taɓa ganin irinsa a ƙauyen ba, ya cika shi da gero har baki, ya yi masa ƙatuwar jinka daidai girmansa. To, ku da kuka tashi a ƙauye kun sani, a ƙasa ake yin jinka, sai an gama 'yan'uwa su taru su ɗaga ta a ɗora.

Ana nan sai ga hadarin ƙarshen damina ya haɗo daga gabas. Ya kama gefen jinka, ko gezau. Ya zagaya ɗaya gefen, haka. Maƙwabta kuwa tuni ya ɓata da su a kan iyakar gona. Da ɗigon farko ya sauka a wuyansa, sai bakinsa ya suɓuce.

"Habila, kama can mana!"

Gida shiru, sai kaji. Ya tsaya riƙe da ciyawa, kaɗaici ya rufe shi, gandamemen mutum ya fashe da kuka. Ruwa ya yi ta zuba cikin rumbun har geron ya ruɓe.

Ma'anar wannan misali ita ce, rumbun nan dukiya ce, hadarin kuma ranar wahala ce da take zuwa wa kowa. Allah yana ba mu hatsi, amma ya ba mu 'yan'uwa tun kafin hatsin, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai kwaɗayi yana tsammani ya rage bakin masu ci, ashe hannuwan masu ɗagawa ya rage. In akwai ɗan'uwan da ka kora saboda rabon gado, kada ka jira hadari. Yau ɗin nan, da an tashi daga sujada, ka nufi gidansa.