Ɗan da Tahidu Ya Hana Kuka

Akwai wani makanikin babur a Moshi Zongo, cikin Tamale, sunansa Tahidu. Mutum ne mai cika baki. Kullum zancensa ɗaya: kakanninsa mayaƙa ne, kuma a garinsu ba a lallashin ɗa namiji.

Haka ya raini ɗansa Mujeeb. In yaron ya dawo gida da kuka an doke shi, sai ya ƙara masa da bulala, ya kora shi ya je ya rama.

Ƙanwar Tahidu, Bashiratu, kuwa ta yi aure cikin wata ƙabila a Choggu, inda ake goya yaro har ya yi wayo, a rarrashe shi in ya yi kuka. Tahidu yakan yi wa ɗanta Basit dariya, wai ɗan tsako ake reno.

Yara suka girma. Rigimar fili ta ɓarke a Choggu, matasa suka rabu biyu, Mujeeb ya zama jagoran ɓangare ɗaya. Uban har da bugun ƙirji a teburin mai shayi.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Bashiratu ta kira Tahidu a waya. Basit ya fita rabon faɗa, su Mujeeb sun ritsa shi a wani kango.

Tahidu ya hau babur ko takalmi babu. Ya tarar da Basit a ƙasa, jini a goshinsa, Mujeeb tsaye a kansa da adda, matasa sun kewaye su.

"Mujeeb, ɗan gwaggonka ne. Don Allah ajiye."

Tun da aka haifi Mujeeb bai taɓa jin ubansa ya roƙe shi ba. Ya dube shi, ido a bushe.

"Baba, matsa. Mutanena suna kallo."

Tahidu ya faɗa kan Basit ya rufe shi da jikinsa. Addar ta riga ta taso, ta sauka a hannunsa na dama.

Basit ya rayu. Hannun Tahidu bai sake riƙe sifana ba, Mujeeb kuma yana kurkuku. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne ranar da uban ya je ziyara. Ya zauna yana ta zubar da hawaye, shi kuwa ɗan ya matso kusa, ya rage murya.

"Baba, ai ban ja da baya ba. Ko na ba ka kunya ne?"



Darasi: Yaƙi a tsakar gida yake farawa. Yaron da aka hana wa tausayi yana ƙarami ba zai samu wanda zai ba kowa ba in ya girma, ko da ubansa ne. Ku tura wa duk mai ɗa a hannu.