Wayar da Baba Direba Ya Bari a Ƙarƙashin Tebur

Akwai wani dattijo da mutanen unguwa ke kira Baba Direba, saboda a tuƙin jirgin ƙasa ya ƙare ƙuruciyarsa. Da ya yi ritaya zaman banza ya ishe shi, sai ya kwashe tarkacen ɗakin baya, ya kafa faffaɗan tebur na katako, ya fara gina ƙaramin layin dogo a kai.

Aikin ya yi kyau. Ya shimfiɗa siraran layuka, ya yi duwatsu da takarda da gam, ya fafe ramin da jirgi zai ratsa, ya yi tasha da kwali har da bencin zama. Kan jirgin bai fi tafin hannu ba, taragunsa kamar akwatin ashana.

Ba wanda ya kai jikarsa murna. Yarinya ce 'yar shekara biyar, yana tsokanarta da Shugabar Tasha. Kullum ta dawo daga makaranta sai ta rarrafa ƙarƙashin teburin, wai nan ne ofishinta.

Da aka zo haɗa wuta, ɗansa, uban yarinyar, ya ce, "Baba, wutar kan layin ba ta da ƙarfi, na sani. Amma wadda ke fitowa daga bango zuwa ƙaramar taransifomar da ke rage wa jirgin ƙarfin wuta fa? A kira mai gyaran wuta mana."

Baba ya harare shi. "Ni da na ja taragu cike da mutane, za a kira min wani ya koya min ƙulla waya biyu? Kai da ko ƙwan fitila sai an canza maka?"

Ɗan ya ƙyale shi.

Wata rana da hantsi Baba ya ga wayar taransifoma ta yi gajarta. Ya yanke ta, ya ƙara wata, ya murɗa bakunan da hannu. Ya cusa filogi a soket, ya kunna. Jirgi ya motsa, ya ratsa rami, ya fito. Yana cikin dariya shi kaɗai aka ɗauke wuta.

Ya duba akwatin kayansa, tef ɗin naɗe waya ya ƙare. Ya bar bakunan wayar tsirara suna lilo a ƙarƙashin tebur, ya ɗauki hularsa.

Matarsa tana wanki a tsakar gida. Ta ce, "Malam, ka zare abin daga bango?"

"Wutar da babu ita? Hajiya, ki ji da wankinki, ki bar min jirgina."

Shagon kusa a rufe yake, dole ya taka har bakin titi. Ya sami tef, ya tsaya hira da mai shago, yana ba shi labarin ramin jirgi.

Sai fankar da ke saman kansa ta fara juyawa.

Baba ya ɗaga kai ya dube ta. Filogi yana cikin soket. Makunni a kunne. A gefen titi kuma ga yara sanye da kayan makaranta suna ta wucewa gida.

Ya zaro wayarsa ya kira Hajiya. Ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ya sake kira. Shiru.

Ya bar tef ɗin a kan kantar shagon ya fita da gudu. Gwiwarsa mai ciwo tana sara, takalminsa ɗaya ya fita bai tsaya ba. Mutane na tambaya, "Baba, lafiya?" Bai ji su ba. Hannun yarinyar kawai yake gani a ransa, ɗan ƙarami, yana miƙewa sama. Bakinsa ba abin da ke fita sai, "Ya Allah, ba ita ba. Ya Allah, ba ita ba."

Ya banka ƙofar gida. Jakar makaranta yashe a ƙasa. Bahon wanki ya kife, ruwan sabulu na gudu. Ba muryar kowa. Daga ɗakin baya kuwa ƙarar ƙaramin jirgi ke tashi, ƙir-ƙir-ƙir, yana zagaye abinsa.

Ya shiga ɗakin.

Hajiya na kwance a ƙasa, idonta rufe, ƙafafunta jiƙe. Yarinyar na rakuɓe a lungu, ta toshe bakinta da hannu biyu, ko kuka ta kasa. Baba ya fizge filogi daga bango. Jirgin ya tsaya.

"Hajiya! Hajiya!"

Ya kara kunne a ƙirjinta. Da farko bugun tasa zuciyar kawai yake ji. Can ya ji numfashi, siriri. Ya ƙwala ihu, maƙwabta suka shigo, aka ɗauke ta sai asibiti.

A barandar asibiti yarinyar ta buɗe baki. "Kaka, jirgi ne ya tashi da kansa. Na shiga ofis in gani. Zan taɓa wayar mai ƙyalli, sai Hajiya ta ja ni da ƙarfi. Hannunta ya bugi wayar, ta faɗi."

Ɗansa ya iso a guje. Baba bai jira tambaya ba. "Ni ne," ya ce. "Ka faɗa min, Hajiya ma ta faɗa min." Ɗan ya rungumi 'yarsa.

Sai bayan la'asar likita ta fito. Ta ce zuciyar ta daidaita, amma hannun ya ƙone sosai.

Da Hajiya ta gan shi, abin da ta fara tambaya shi ne, "Ina yarinyar?"

"Tana waje, ko ƙwarzane babu." Baba ya matso kusa da ita. "Ki yafe min. Yau ɗin nan zan farfasa teburin."

Ta girgiza kai a hankali. "Teburin me ya yi? Malam, kunnenka ne ke buƙatar gyara."

Bai farfasa ba. Shi da kansa ya je ya kira mai gyaran wuta, aka sa sabuwar waya, aka rufe ta cikin roba. Yarinyar ta daɗe ba ta yarda ta leƙa ɗakin ba, kuma ba wanda ya matsa mata.

Hajiya ta warke, sai dai yatsunta biyu ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Har yau in ta yi wanki, Baba Direba ne ke durƙusawa a gefenta da gwiwarsa mai ciwo, yana matse mata kayan ɗaya bayan ɗaya.

Darasi: Gwaninta a wani aiki ba ta sa ka fi ƙarfin gyara a wani. In na gida ya ja kunnenka, saurara, domin sau da yawa ba kai mai taurin kan ne za ka ji ciwon ba, wanda ke ƙaunarka ne. Kuma kada ka taɓa barin waya tsirara don an ɗauke wuta. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman gidajen da ke da ƙananan yara.