Mutumin da Ya Hana Yumɓu Numfashi

An yi wani mutum a garinmu Dehua, a ƙasar Sin, gwanin ƙera mutum-mutumin farin tangaran, irin wanda jiragen Turawa ke kwasa. Shi ke yi musu siffar kansu, da doguwar hula da hanci kamar bakin butar shayi. In ya jera su a rana, maƙwabta su taru da shayinsu a yi ta dariya. Ban taɓa ganin gida mai raha irin nasa ba.

Ya 'yan uwa, kowa a garin ya san ba a gasa mutum-mutumi sai an huda masa 'yar kafa a ƙasa, don iskar cikinsa ta fita. Numfashi muke kiranta.

Shekarar auren 'yarsa Giok, sai ya ƙera Bature bisa doki, ƙato, yara har gaishe shi suke yi. Yabo ya hau masa kai. Ya ce wannan ba zai ɓata shi da huda ba, yana so in an juya shi a ƙasar Turawa a rasa aibunsa.

Matarsa Siok, yayata ce, ta yi dariya ta ce, "Baban Giok, kai ma da kake cika kana batsewa ai an bar maka kafar hanci biyu."

Ya ce ta koma kan shinkafarta.

Tanderun da ake gashin na unguwa ne, kowa da kayansa a ciki, har da kwanonin auren Giok. Mai kula da wuta ya tambaye shi ko ya huda. Ya ce ya huda.

Aka kunna wuta, mata na waƙa, ana rabon taliya. Sai ƙara. Dokin ya fashe, ya rushe jerin da ke gefensa, wannan ya tura wancan. Aikin unguwa duka ya zama tsingaro.

Giok ta tare babu kwano ko ɗaya daga hannun ubanta. Ba wanda ya sake karɓar aikinsa a tanderu. Da dakon itace ya ƙare, kuma yayata ba ta ƙara irin dariyar nan ba har ta rasu.

Me hudar za ta rage masa? Ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Wanda ya toshe kansa, magana ba ta shiga, girman kai ba ya fita, ranar zafi fashewa zai yi, kuma ba shi kaɗai zai tafi ba.

Allah ya bar mana kafar jin magana. Allah ya kiyaye mu.