Sandar Tagulla da Ba Ta Ragu Ba

Akwai wani manomi da ke zaune a kan tudu, gidansa yana kallon kogi. Mahaifinsa maƙeri ne, da zai rasu kuwa bai bar masa komai ba sai wata doguwar sandar tagulla da ya ƙera da hannunsa. In aka ƙwanƙwasa ta, sai ta yi wani amo mai daɗi wanda yake daɗewa kafin ya mutu. Manomin nan yana ji da sandar ƙwarai, burinsa kawai ya bar wa ɗansa ita kamar yadda aka bar masa.

Wata shekara ikilisiya ta kafa ɗan ƙaramin gidan rediyo, domin tsofaffi da marasa lafiya na hayin kogi su riƙa jin sujada. Filibus mai gyaran rediyo ya zo ya roƙi aron sandar a yi eriya da ita. Manomin ya bayar da zuciya ɗaya, aka kafa ta bisa rufin gidansa. Abin mamaki, ran Lahadi sai ga muryar mawaƙa tana haye kogi ba kwalekwale.

To, amma manomi manomi ne. Duk abin da ya sani, in yana aiki ƙarewa yake yi. Fartanyarsa kowace damina sai ta ƙara sirancewa, rumbunsa kuwa in ana ɗiba ƙasa yake yi. Sai ya ce a ransa, "Wannan muryar ai daga jikin sandar take fita. Waje lafiya lau, amma ciki ana cinye ta kamar yadda gara ke cin azara." Tunanin ya hana shi sakat. Ran nan ya hau tsani, ya sauke sandar, ya naɗe ta da tsumma, ya tura ƙarƙashin gado.

Lahadi ta zo, hayin kogi shiru.

Kashegari Filibus ya hauro tudun riƙe da hannun wata tsohuwa makauniya mai suna Damaris, wadda ta nace sai da aka haye da ita kogin.

"Ɗana," in ji tsohuwar, "ba faɗa ya kawo ni ba. Na zo in ji ko rasuwa aka yi ne. Jiya ina rungume da rediyo har rana ta take tsaka, ba wanda ya yi mini waƙa."

Kunya ta rufe manomin, ya faɗi tsoronsa duka bai ɓoye ba. Filibus bai yi masa dariya ba. Ya ɗauki bakin wata igiya da ke ɗaure a turke, ya kaɗa ta, motsin ya bi igiyar har turken.

"Baba, me ya tafi can?"

"Motsi."

"Igiyar fa?"

"Ga ta nan a hannunka."

"To haka sandarka take. Akwai ƙananan ƙwayoyin lantarki a cikinta. Batirin gidan rediyon ne yake kaɗa su, su yi gaba su dawo, ko ɗaya ba ya ficewa. Abin da ke haye kogi ƙarfin kaɗawar ne, shi kuwa daga batir yake zuwa, batir kuma rana ce take cika shi. Dubi kazarka can a kan ƙwai. Ɗumi yana fita daga jikinta, amma naman jikinta bai koma cikin ƙwan ba. Tsaba take ci, ɗumin ya dawo."

Manomin ya shiga ɗaki ya fito da sandar. Ya ɗauki dutse ya ƙwanƙwasa ta. Amon ya tashi cikakke, ya daɗe bai mutu ba, daidai yadda yake tun yana yaro.

Damaris ta karkata kunne ta ce, "Kai! Wannan hannun mahaifinka ne. Ko a ina na ji ƙirarsa sai na gane."

Hawaye suka zubo wa manomin. Ya jawo tsani domin ya mayar da sandar bisa rufin.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: sandar nan mu ne, Maƙerin da ya ƙera mu kuwa Allah ne, kuma ƙirarsa abar mamaki ce. Da yawanmu muna tsoro cewa in mun yi ta ƙauna, mun yi ta gafartawa, mun yi ta ziyartar marasa lafiya, wata rana za mu wayi gari ba abin da ya rage a cikinmu. Amma alherin da ke fita ta wurinmu ba daga jikinmu ake yankarsa ba, daga wurin Ubangiji yake zuwa. I, za ka gaji, kamar yadda kazar nan take jin yunwa. Maganin gajiya shi ne ka koma wurinsa cikin addu'a ya sake cika ka, ba ka naɗe kanka da tsumma ba. Gama ranar da ka ɓuya ƙarƙashin gado ba ka ƙaru da komai ba, amma akwai wata tsohuwa a hayin kogi rungume da rediyo, tana tsammani rasuwa aka yi.