Injiniyan da Ya Kulle Kansa a Waje

Injiniya ya iya aikinsa, amma ba shi da haƙurin karanta abu har ƙarshe. Shi ke kula da sabar wani ɗakin gwajin jini, wato babbar kwamfutar da ƙananan asibitoci bakwai ke shiga daga nesa su duba sakamakon marasa lafiya. Sabar tana babban ofis, tafiyar awa biyar daga gidansa. Daga teburin falonsa yake shiga ya yi mata gyara.

Da sabar ta fara nauyi, shugabarsa ta kira shi.

"Akwai manhajoji barkatai da ke aiki a ɓoye, ba mai amfani da su. Ka kashe su, amma ɗaya bayan ɗaya. Ka gwada kafin ka wuce gaba."

"To, ranki ya daɗe."

Sati uku ke nan bai huta ba, bayansa na ciwo, idonsa na yaji. Da safe ya buɗe jerin, ya ga guda arba'in da uku. Ya karanta biyar, ya yi tsaki, ya zaɓi sauran a dunƙule ya kashe.

Allon ya tsaya cak. Ashe a cikinsu har da manhajar da ke buɗe wa na nesa ƙofa. Shi bai iya shiga ba, asibitocin ma haka. Gyara kuma sai ya je gaban sabar da kansa.

Wata nas ta bugo, muryarta a gajiye. "Malam, mai ciki ce kwance, likita na jiran sakamakonta."

Yana saka takalmi matarsa ta leƙo. "Baban yara, ba yau za ka kai Mama wurin likitan ido ba? Wata biyu fa tana jira."

Ya fita, ya kama hanyar babban ofis.

Bayan azahar ya isa ofis, jiki duk ya yi tsami. Gyaran bai kai minti biyu ba. Amma an riga an kwashi mai cikin zuwa wani asibiti mai nisa, tana naƙuda a mota. Ta rayu, da ƙyar. Shugabar ba ta yi masa faɗa ba. Ta miƙo hannu kawai, ta karɓi makullin ɗakin sabar.

Darasi: rage abin da ba a buƙata aiki ne mai kyau, amma kada ka kashe abin da ba ka san amfaninsa ba. In ka gaji, ka huta tukuna. Minti goman da gaggawa ta rage maka, wasu ne za su biya shi da wahalarsu.